Gahawar da Ambasada Dikko Ya Ajiye

Shekara talatin da takwas Ambasada Dikko Nasidi ya yi yana sasanta mutane. Ya fara ne bayan yaƙin basasa, yana saurayi, yana riƙe wa manya jaka ana zaga ƙasashen da suka ɓata da Najeriya, har ya kai shi ake riƙe wa jakar. Sunan da ya yi shi ne, bai taɓa barin teburin sulhu a watse ba. To ga shi a Doha, kwana goma sha tara, tebur na neman watsewa a hannunsa.

Ɓangarori biyu ne na wata ƙasa da ta fito daga yaƙi. Ɗaya ya zo. Madugun ɗayan kuwa ya tare a gidan wani dattijo, Abu Fahad, a Al Wakrah, ya ce ba zai zauna da kowa ba. Samarin ofishin Ambasada har sun fara cewa tsohon nasu ya gaji, a bar shi ya koma wasa da jikoki. Jibi jirgin Ambasada zai tashi.

Bayan la'asar ya nufi gidan tare da Dakta Surajo, likitan zuciya ɗan Kazaure, wanda ya shekara tara a Doha kuma yake masa tafinta.

"Ranka ya daɗe, jininka ya hau," in ji Surajo a mota. "Ko ƙanshin gahawa ban yarda ka shaƙa ba."

"To, Likita, sai in daina numfashi ke nan."

Suka tarar da falon cike, mutum kusan ashirin, turaren wuta na tashi. Madugun na can gefe ya ɗaure fuska. Babban ɗan mai gida ya tsiyaya gahawa a ɗan kofi ya miƙa wa Ambasada. Ya karɓa da hannun dama, ya yi godiya. A gidansu a Zariya, in an ba ka abin da ba za ka ci ba, ba ka cewa a'a, karɓa kake yi ka ajiye a hankali. Don haka ya ajiye kofin a kan darduma.

Kowa ya juyo yana kallon kofin. Abu Fahad ya daina jan carbi.

"Innalillahi," Surajo ya raɗa masa. "Ambasada, me ka yi?"

"Umarninka na bi."

"A nan in baƙo ya ajiye kofi bai sha ba, buƙata ya zo da ita, kuma ba zai sha ba sai an biya masa. In ba shi da buƙata, to ya ce gahawar gidan ba ta shayuwa. Zagi ne."

Shi Ambasada tsarinsa, sai ya je gaisuwa sau uku kafin ya taɓo magana. In ya roƙa yanzu aka hana shi a gaban jama'a, shi ke nan, da wannan za a riƙa tuna shi. Ya dubi kofin, ya dubi mai gida.

"Gaya masa, baƙonsa nake roƙo. Ya zo gobe ya zauna teburin sulhu. Ban ce ya yarda da komai ba, ya dai zauna."

Surajo ya fassara. Abu Fahad ya juya ya zuba wa madugun ido. Mutumin nan mako uku yana cin abincin gidan, ba shi da fuskar da zai kunyata mai masaukinsa. Ya sunkuya, ya daɗe, sannan ya gyaɗa kai.

"Khalas, an gama," in ji Abu Fahad. "Sha gahawarka."

Ambasada ya waiwayi likitansa.

"Sha, don girman Allah," in ji Surajo. "Shanye. Ni zan ji da zuciyar."

Ta huce, ga ɗaci, amma bai taɓa shan abin da ya kai ta daɗi ba.

A hanyar komawa suka bi ta bakin teku, jiragen masunta na shigowa. Wayarsa ta yi ƙara. Ɗaya daga samarin ofis ne, labari ya riga su isa.

"Ranka ya daɗe, wallahi ba mu san ka san al'adar Larabawa haka ba!"

"Aiki ne ke koya wa mutum," in ji Ambasada, ya kashe wayar. Ya cire hula, ya jingina, ya sauke numfashi. "Likita, kada ka gaya wa kowa."

Surajo ya kama hannunsa yana duba bugun jini.

"Sirrin marar lafiya ne, ranka ya daɗe. Ba ya fita."