Hasumiyar Agogo a Hannun Mai Aski

"Fankar tsaye da ke falona," in ji Tsohon Direba. "Ka ba ni katin nan, ka ɗauke ta."

Mai Aski ya dubi katin da ke maƙale a gefen madubinsa, ya dubi zufar da ke tsiyaya a wuyana, don ni ne a kan kujera, rabin kaina a aske. Ya miƙa hannu.

"Na sallama, Baba. Amma sai gobe, in kimtsa maka shi."

Direba ya daɗe yana tara tsofaffin katunan gidan waya masu hotunan gine-ginen birninmu: ƙofofin gari, dandalin fareti, babban zauren taro. Guda ɗaya ya gagare shi, na hasumiyar agogo da aka rushe tun muna samari don a faɗaɗa titi. Ba 'yan gwanjon da bai zazzage wa kwali ba, har matarsa ta daina tambayar inda ya je. Ashe katin yana nan shagon aski, kakan mai shagon ya bari, ya yi ja don tsufa, gefensa tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto.

"Kada ka taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu," in ji Direba daga bakin ƙofa.

"Haba Baba, sai ka ce jariri!"

Washegari na zo kallo. Direba ya shigo yana haki, fanka a kafaɗa, kundin katunansa a hammata. Mai Aski ya jawo aljihun tebur yana murmushi, ya zaro katin. Yana ƙyalli, ya sandare cikin robar da ake liƙe katin shaida.

Direba ya juya shi gaba da baya. "Ina gefensa?"

"Na daidaita shi da almakashi. Ai duk ya yi buzu-buzu."

"Haka aka buga shi, ɗan nan! Haka suke zuwa! Kan sarkin fa?"

"Ya ɗaye rabi, na ƙarasa cire shi. Ga ma datti baƙi zagaye a kai."

"Hatimin gidan waya ne dattin! Shi ke nuna shekarar!"

"To Baba, ni ban taɓa sallamar mutum da ƙazamin kai ba, balle kaya."

Direba ya sa farce zai ɓare robar, sai fuskar agogon ta fara biyo ta. Ya janye hannu. Ya gwada katin a gurbin da ya daɗe yana ajiye masa a kundin, ya ƙi shiga, roba ta yi masa faɗi.

"A warware cinikin mana," na ce.

"In bar masa? Gobe ya yi wa hasumiyar saje?"

Ya cusa katin a aljihu ya fita, ko sallama babu.

Mai Aski ya ci riba, mu ma masu zuwa aski muna shan iska. Direba yana falo da mafici, matarsa na tambayar fanka, gurbin kuma har yau ba komai a ciki.