Ƙurajen Ƙafar Hamsatu

Da Hamsatu ta ɗaga zanenta zuwa gwiwa, mijinta Abdussalamu ya mayar da idonsa kan bango. Ƙuraje ne tun daga idon sawu har ƙwauri, kowanne da farin kai, wasu sun fashe suna tsiyayar mugunya. Fatar ta yi laushi har jijiyoyi na nunawa.

Majo, babban ma'aikacin asibitin, ya duƙa ya daɗe yana dubawa.

"Inna ta ce sawun doguwa na taka a hanyar rijiya," in ji Hamsatu. "An yi turare, ba su kwanta ba."

"Doguwa dai tana shan zargi a Arewa," Majo ya yi murmushi. "Madam, abu da yawa na kawo wannan. Ƙazzuwa in an sosa ta, cizon ƙwaro da ya ɗau datti, ciwon sukari. Za mu gwada jini. Amma wannan fatar, mi kike shafa mata?"

"Man kaɗe."

"Shi kaɗai? In mai sa fari ne ki hwaɗi. Yana cinye garkuwar fata. In ba a daina ba, magani ba ya kamawa, gyambo za su zama."

"Shi kaɗai," ta ce, kanta a ƙasa.

Abdussalamu ya san gaskiyar. Shi ya sayo mata man sa fari a kasuwar Dogon Dutsi, ranar da abokansa 'yan kabu-kabu suka ce ya auro gindin tukunya. Ya miƙa mata yana dariya, ita ba ta yi dariya ba. Da ƙurajen farko suka bar baƙin tabo, sai ta riƙa ƙara man a kansu don tabon ya goge kafin ya gani.

Yanzu ga ta tana ƙarya don ta rufa masa asiri.

"Ba man kaɗe ba ne, Majo," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ni na kawo mata."

Majo ya jawo auduga kawai.

* * *

A hanya ya tuƙa babur a hankali, yana kauce wa ramuka saboda ƙafar da aka naɗe. Ya ƙudurta yana isa zai jefa kwalbar man a masai.

Kwalbar ba ta kan taga.

Bayan rumbu ya same ta, a hannun ɗiyarsu Ummu, wadda ko makaranta ba ta isa shiga ba. Baƙa ce wuluk, kamar uwarta ranar da ya fara ganinta. Ta lafta man a kumatu da goshi, ta ɗago tana washe baki.

"Baba, duba. Ni ma na yi kyau?"