Kiran Woɗe Daga Filin Jirgi

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobi, wani lokaci kuma Ya hore ɗan Adam ga dabbobin.

A shekarar da Allah Ya nufe ni da Umra ta biyu, na tashi daga Tambuwal tare da aminina Mu'awiyya, makiyayi ne daga wata ruga a gefen Kebbe, wanda bai taɓa kwana nesa da shanunsa ba. Jirgi ya sauke mu a wani babban filin jirgi na ƙasar Larabawa, aka ce mu jira awa bakwai kafin wani ya kwashe mu zuwa Jidda. Muka sallaci azahar, na ɗauko tasbaha. Shi kuwa ya zauna gaban gilashi yana duban jirage, yana cewa wannan ya ƙoshi, wancan da gani bai sha ruwa ba.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce Bara'atu ta kira ta bidiyo, tana tsaye bisa suri, domin a rugarsu nan kaɗai waya ke kamawa.

"Alhaji, Woɗe ta haihu tun da hantsi, amma ta ƙi ɗan. In ya matso sai ta kai mai harbi. Ko ɗigon nono bai sha ba, ga shi nan ya fara laushi."

Woɗe wata jar saniya ce mai taurin kai, wadda ba ta sakin nono sai ta ji wani kira da Mu'awiyya yake yi mata tun tana maraƙa. Maraƙin da bai sha nonon farko ba kuwa, da wuya ya kai gobe.

Aka jawo Woɗe gindin surin. Mu'awiyya ya kare baki da hannu, ya raɗa kiran cikin wayar, saboda kunyar jama'a.

"Mi kaka yi haka kamar mai gulma?" in ji Bara'atu. "Ko kunne ba ta ɗaga ba. Ta aza sauro na."

Ya dube ni. "Allah shi gafarta Malam, ina zan buɗe murya cikin gidan ga?"

Na yi nazari. Masallaci ba wurin kiran shanu ba ne. Makewayi kuma bai halatta ba, domin kiran nasa da Bisimilla yake farawa. Sai na ce masa malamanmu sun karantar da mu cewa tausayin dabba ibada ne, kuma ran maraƙi ya fi kunyar baƙi nauyi. Ya yi a nan.

Ya ce kiran ba ya fita sai da sanda a kafaɗa, ga shi sandarsa tana cikin kaya. Na miƙa masa lemata. Ya gitta ta bisa kafaɗu, ya rataya hannuwa, ni kuma na riƙe masa waya.

Subhanallah! Ban san ƙirjin mutum yana ɗaukar irin wannan sauti ba. Ya faro a hankali, ya kaɗa harshe, sannan ya saki wata doguwar kuwwa. Wata Baturiya ta zubar da shayinta. Wani mai barci ya zabura ya bi layi, yana zaton an kira jirginsa.

Jami'ai biyu suka iso da sauri. Na tare su da Larabcin littafi, na fara da yabon Allah da salati, ban kai ga maganar saniya ba babbansu ya leƙa wayar. Hancin Woɗe ya cika fuskar wayar.

"Wane na wannan mai hula?" in ji Bara'atu. "Shi kauce! Ta fara lasar ɗan. Alhaji, kada ka tsaya!"

Jami'in ya dubi maraƙin da ke tangaɗi, ya fahimci abin da Larabcina ya kasa isarwa. Ya buɗe hannuwa, ya matsar da jama'a baya, ya yi wa Mu'awiyya alama ya ci gaba.

A kira na uku Woɗe ta tsaya cik, ta buɗe ƙafafu.

"Ya kama! Wallahi ya kama!"

Jami'in ya ce Masha Allah, Baturiyar ta yi tafi. Mu'awiyya ya share hawaye da haɓar rawaninsa.

"To, ka shirya," in ji Bara'atu. "Gobe da hantsi mu sake hawa suri."

Na lissafa, na ga gobe da hantsi muna cikin Masallacin Harami. Nan take na roƙi jami'in ya ƙara tsare mana jama'a, na sa Mu'awiyya ya mayar da lema kafaɗa, muka naɗi kiran a waya har sau biyu, muka aika Kebbe.