Askin Mbah Kasno

Pak Darmaji mai aski na cikin shafa wa Mbah Kasno kumfa a haɓa sai 'yarsa Ratri ta ƙifta masa ido daga ƙarshen gado.

"Mbah, ɗan juya wajen bango in kama ƙeyar nan," in ji shi, don Mbah ake kiran kaka a nan.

Mbah Kasno ya juya da nishi. Gashin ƙeyar bai fi a ƙirga ba, kuma shekaranjiya aka aske shi. Duk da haka Darmaji ya duƙufa kamar mai gyara ango, ita kuwa Ratri ta ɗaga zanen tsohon ta baya, ta shiga wanke gyambon da doguwar kwanciya ta buɗe masa a kwankwaso.

Wata biyu ke nan da ta gama makarantar jinya a nan Yogyakarta. Kamfanin da ke tura nas gida-gida ya ɗauke ta gwaji, kuma majinyacin farko da aka ba ta shi ne maƙwabcinsu na jikin katanga, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Darmaji ya ɗauka sa'a ce, har ya yi ta shela a shagonsa. Tsohon ya yarda ta auna masa jini, ya haɗiye ƙwayoyi, amma ya rantse yarinyar da ya share wa majina ba za ta ga bayansa ba. "Nduk" yake ce mata, wato 'yar yarinya, kamar har yanzu ba wando take yawo. Mako guda tana dawowa gida da audugarta a ƙulle, gyambo na ci, shugabarta kuma ta ce in ba za ta iya ba a ba wata.

Dabarar askin tata ce. A shagon uban ta girma, ta san namiji in yana ƙarƙashin aska duk inda aka juya kansa nan yake bi. Darmaji bai so ba. Shekara talatin yana aski, amma ko gefen kunne ya karce ya ga jini sai ya nemi wurin zama. Ranar da aka haifi Ratri ma shi aka fara yi wa fifita. Don haka kullum idonsa na kan kalandar bango, har ya haddace hutun shekara kaf.

"Darmaji," in ji tsohon, fuska a bango, "kai kaɗai na sani mai aski yana karatu."

"Hannu ya san hanya, Mbah."

"Hannun na rawa."

A haka suka ci mako biyar, kowa ya sani, ba wanda ya faɗa. Matar tsohon, Mbah Sumi, takan ajiye musu shayi mai sukari ta ce mijinta ya fi hakimai aski.

Wata Talata Darmaji ya shigo da kwanon kumfarsa, ya tarar tsohon ya zabge, magana da ƙyar. Tsohon ya dubi askar, ya dubi Darmaji.

"Ajiye, ka ƙarar da ni." Ya lallaɓa da hannunsa mai lafiya ya kama ƙarfen gado, ya juya da kansa. "Malama nas, yi aikinki."

Ratri ta daɗe tana sa safar hannu.

Ranar Juma'a da hantsi numfashin ya tsaya. Mbah Sumi ta yi ta kallon Ratri, Darmaji ma haka, yana jiran ta fashe da kuka ya samu aikin yi. Ta ɗora abin sauraro a ƙirjin tsohon, ta tsaya minti guda cur tana duban agogo. Sannan ta durƙusa ta riƙe hannun tsohuwar ta ce, "Mbah, ya tafi." Wanda ya nemi wurin zama Darmaji ne.

Da aka zo wanka, liman ya sa shi cikin masu riƙo. Aka juya gawar, babu kalanda a wurin, dole ya duba. Gyambon da aka ce ya kai tafin hannu ya tsuke, bai fi farcen babban yatsa ba, gefensa fes. Liman ya tambaya wa ya yi jinyarsa.

"Ni dai aski na yi," in ji Darmaji.

Washegari da safe farar tutar rasuwa na nan ɗaure a bakin lungu, kujerun zaman makoki a jere. An ba Ratri wata tsohuwa a can bayan kasuwa. Darmaji na tsaye a ƙofar shago ya ga ta fito da jakarta, tana tura babur a kashe, tana gaida kowa. Sai da ta wuce tutar sannan ta tayar da shi.