Ƙarfen Shkozet

Surukina Refik ya yi shekara talatin da takwas yana duba layin dogo a garin Durres. Aikinsa shi ne bin layi a ƙasa da guduma mai doguwar ƙota, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare. Lafiyayyen ƙarfe da muryarsa, mai tsagewa da tasa. Da ya yi ritaya sai sandarsa ta gaji gudumar. Ƙofa, tukunya, ƙafar kujera, ba abin da ya tsira.

'Ya'yansa sun ƙoshi da labaransa tun suna yara. Ni ce mai zama. Ina ɓare wake, yana ba ni tarihin tashoshin garin: babbar tasha ta bakin teku, wadda ya yi wa dakon tsakuwa a kwando yana ɗan shekara sha bakwai, ta Plazh, inda mutanen Tirana, babban birni, ke sauka da kankana lokacin zafi, sai Shkozet, wurin gyaran kawunan jirage.

"Amarya," haka yake kirana har na yi furfura, "a bayan Shkozet akwai wani reshe da ke shiga tsohuwar masana'anta. Ƙarfen wurin ba irinsa a ƙasar nan. Da hannuna na ɗaure shi."

A shekarun da komai na ƙasar ya watse, jirage suka ragu, taragu suka zama ba gilashi. Baba Refik yana zaune a hawa na biyar a gidan ma'aikata, ga gwiwoyi sun ƙi. Mijina Gezim ya soma gina masa ɗaki a tsakar gidanmu, babu matakala ko ɗaya, taga tana kallon itacen ɓaure. Bango ya tashi, aka rasa ƙarfen da zai ɗauki rufi.

Ni ce na ce, "Reshen nan na bayan Shkozet fa? Baba ya ce ba irinsa."

Gezim ya tafi da keken doki da rana tsaka. Ya tarar wasu sun riga shi kwashe rabi. Ya kawo guda biyu, aka ɗora, aka zuba kankare, aka shafe. Sai ɗan bakinsu da ya leƙo ta baranda, shi ma Gezim ya shafa masa farin fenti.

Ranar tarewa na yi gashin rago. Baba ya sauko daga mota da hularsa ta ma'aikata, yana tsokanar ɗansa.

"Kai da ko akurkin kaji ba ka iya kafawa ba, yau kai ne magini?"

"Shiga dai ka gani, tsoho. Ko shugaban tasha bai kwana a irinsa ba."

Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya gyaɗa kai. Ya ƙwanƙwasa bango. Sannan ya ɗaga sanda ya taɓa farin abin nan da ke saman baranda. Ya sake taɓawa. Ya tsaya har ƙarar ta mutu.

"Daga ina?"

"Baba, layin nan ya shekara biyar ko kura ba ta bi ta kansa ba."

"Ban tambaye ka wa ya bi ba."

"Kowa ya ɗiba! Da na bari, da yanzu an narkar da shi a ƙetare. Nan ko ba komai kanka zai rufe."

"Kai ba ka taɓa sanin inda reshen nan yake ba," in ji Baba. "Ba ka taɓa zama ka ji ba."

Sai ya juyo ya dube ni. Ina riƙe da faranti.

Ya ci naman, ya yaba gishirinsa, ya sha kofi a tsakar gida. Da la'asar ya ce a mayar da shi gidan ma'aikata. Gezim ya yi roƙo, ya yi faɗa, har ya ce zai fasa rufin. Baba ya ce, "In ka fasa, ka mayar da ƙarfen ina?"

Goya shi Gezim ya yi zuwa hawa na biyar. Bai ƙara saukowa da ƙafarsa ba.

Shekara biyu ina kai masa abinci kullum. Yakan tambayi yara, ya tambayi ko an yi ruwa a unguwarmu. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ba ka ƙarasa mini labarin tashar Plazh ba."

Ya ce, "Tasha ce, amarya. Jirgi ya tsaya, mutane su sauka. Miƙo mini cokali."