Talotalo da Zuma

Naja'atu malamar firamare ce a Gumel, kuma ba ta ƙaunar girkin da zai cinye mata yini. Shi ya sa da ta ga wata mata a waya tana soya niƙaƙƙen naman talotalo da zuma da attaruhu, ta juye a kan farar shinkafa, abin ya kwanta mata a rai. Matar har cewa ta yi kafin shinkafa ta tsotse an gama.

Ranar Alhamis mijinta Taufiq zai shiga kasuwar Maigatari, sai ta ce ya taho mata da naman talotalo. Tana tasowa daga makaranta ta ɗora shinkafa, ta jajjaga attaruhu da citta da tafarnuwa, ta zauna jira.

Da ta ji tsayuwar babur ta leƙa zaure. Ƙaton talotalo ne ɗaure a baya, da ransa, wuya jajawur, yana hararar kowa.

"Baban Sumayya, mene ne wannan?"

"Talotalo mana. Ba shi kika ce ba?"

"Nama na ce. Nama!"

"To ai naman yana jikinsa," in ji Taufiq. "Wa kika taɓa gani ya kasa naman talotalo a Maigatari?"

Yana kwance igiyar, tsuntsun ya fizge ya faɗa tsakar gida. Ya buɗe jela, ya yi kan Naja'atu, ta yi tsalle ta bar takalmi ɗaya, shi kuma ya bi ta kan kwanon jajjage ya kifar. Gwaggo Kyauta, ƙanwar mahaifin Taufiq da ta zo daga Ɗanzomo ganin likitan ido, tana kan tabarma tana dariya har da share hawaye.

Da ƙyar aka ritsa shi a bayan randa. Taufiq ya yanka, ya wanke hannu, ya ce ana jiransa a shago. Naja'atu ta dafa ruwa ta hau fiɗa da figa, zufa na zuba, gashi na manne mata a hannu. Shinkafa kuwa tuni ta nuna, har ta fara hucewa.

Ta yanko tsokar ƙirji, ta jona na'urar markaɗe, ashe an ɗauke wuta. Ta kira Taufiq a waya ya zo ya kai inji. Bai jima ba ya dawo da kwanon yadda ya tafi da shi.

"Mai injin ya ce shi wake da tattasai yake niƙawa, ba zai ɓata wa masu ƙosai ƙullu da ƙarni ba."

Naja'atu ta karɓi kwanon. Ta jawo turmi, ta daddatsa naman, ta kama daka. Ɗanyen nama ba ya jin taɓarya, sai santsi yake yana tsalle. Ta sake sabon jajjage, ta soya albasa, ta zuba naman, ƙamshi ya tashi. Da ta ɗauko kwalbar zuma, Gwaggo ta miƙe zaune.

"Ke 'yar nan, waye ba lafiya?"

"Ba kowa, Gwaggo. Haka ake yinsa."

"Zuma a nama? In magani ne ki faɗa mini, ni ba baƙuwa ba ce."

"Wallahi abinci ne, Gwaggo."

Sai da rana ta yi sanyi sannan aka zuba a kwanuka, bayan ta sake turara shinkafar. Gwaggo ta kai loma ɗaya, ta daɗe tana taunawa, ta nemi ruwa, sannan ta tambaya ko akwai sauran tuwon jiya. Taufiq kuwa ya share kwanonsa ya miƙo a ƙara.

"Kai, ya yi daɗi! Ga shi ba wuya. Duk Alhamis zan riƙa kawo miki."

Naja'atu ta dube shi, ta dubi tafin hannunta da taɓarya ta tayar wa bororo.

"Ka kawo. Amma ranar kai za ka fige, kai za ka daka."

Ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki. Zaƙin ya fara zuwa, yajin ya biyo baya, naman ya yi laushi. Abin ya yi daɗi ƙwarai, wannan ma ya ƙara mata haushi. Ba ta kai rabi ba Gwaggo ta ɗaga murya daga tsakar gida, wai ta fito ta soya sauran naman da ke cikin baho kafin zafi ya lalata shi.