Ranar da Ambiya Ta Ga Kafar Allura

Idan damina ta yi nisa a ƙauyenmu, ruwa ne ko'ina, sai kwalekwale. A lokacin ne jirgin ruwa na laburare yake zuwa duk Laraba, ya tsaya a gindin mangwaron masallaci. Ambiya Khatun ba ta taɓa leƙa shi ba. Ba ta iya karatu ba, ga ido ya yi rauni, har ta ajiye ɗinkin bargon da aka san ta da shi saboda ba ta ganin kafar allura.

Maƙwabciyarta Rahela, mai kiranta Bubu, wato yaya, ita ce ta ja ta wata Larabar.

"Bubu, taso ki raka ni. Kin zauna kamar tulu."

"In je in yi me? In shinshina takarda?"

Ta dai bi ta tana mita. Shefali, mai kula da littattafan, ta shimfiɗa musu tabarma, ta turo wani kwando cike da tabarau da ake ajiyewa don tsofaffi masu karatu.

"Khala, gwada wannan," in ji ta, don haka muke kiran inna.

Ambiya ta ɗora shi a karkace, ta kalli tafin hannunta. Sai ta ƙwalla ihu har matuƙin jirgin ya saki sanda.

"Wayyo Allah! Rahela, ga zanen hannuna! Ga ƙayar kifin da ta soke ni jiya!" Ta cafko fuskar Rahela. "Ke! Yaushe kika tsufa haka ba ki gaya mini ba?"

"Cire abin nan, munafuka!"

Mata suka fashe da dariya, jirgi na tangaɗi. Ambiya ta zaro allurar da ke maƙale a bakin zanenta, ta tsinko zare, ta zura. Ya shige tashi ɗaya. Ta zare, ta sake zurawa, ta sake, tana ƙyalƙyala dariya da hawaye.

Shefali ta ce ana tafiya da tabarau gida, amma sai an haɗa da littafi. Ambiya ta zaɓi mafi girma, mai hotunan tsuntsaye, ta rungume shi kamar jika.

Tun daga bakin ruwa take kiran mijinta Mokbul, wanda ke gyaran koma a tsakar gida, da sunan 'yarsu kamar yadda ta saba.

"Baban Shirin! Matso in gan ka!" Ta leƙa shi kusa-kusa. "Ashe da shinkafa a gemunka kake yawo cikin gari?"

"Wa ya mayar da ke malamar makaranta?" in ji shi. Ya fizge tabaraun ya saka, ya kalli komarsa. Can ya ce, "To ai duk ƙullin nan a banza na yi shi."

Ranar har shinkafa ta kama a tukunya, suna ƙwacen tabaraun da junansu, wannan ya duba farce, wannan ta duba tururuwa.

Kafin ruwa ya janye, Ambiya ta ɗinka bargo mai hoton tsuntsu mai kama kifi, shuɗi shar, irin na shafin tsakiya na littafin. Ta kuma addabi Shefali sai ta nuna mata baƙaƙen da ke ƙarƙashin hoton, har ta ɗinka su a gefe. Harafi ɗaya ya juya baya, ta ce haka ya fi kyau. Mokbul kuwa ya ari littafin kiwon agwagi don ya samu nasa tabaraun, yana zama da shi a shagon shayi, yana buɗe shafi da yawu.